Zomo Ba Ya Faɗin Ciwonsa

 

Abin da ya sa muka ɗauko zancen zomo yau, wata takarda ce da wata yarinya 'yar aji biyu a sakandare ta aiko mana daga ƙasar Ajingi. Ta ce kawunta ne ya ba ta zomaye biyu, mace da namiji, ta yi ta kiwo har suka kai goma sha ɗaya, kuma da kuɗinsu take sayen littafin rubutu da sabulu da takalmin makaranta. Ran nan sai kare ya kutsa inda suke, ya ciji uwar garken a cinya. Mahaifiyarta ta ji tausayi, ta ɗauko kafso daga ragowar maganin da aka rubuta wa ƙaninta, ta haɗa da rabin ƙwayar ciwon jiki, ta jiƙa, ta riƙa ɗura wa zomanyar safe da yamma. Ciwon cinya ya soma kamewa, amma a kwana na uku zawo ya kama ta, kafin gari ya waye ta mutu, ta bar 'ya'ya shida waɗanda ko ido ba su buɗe ba. Yarinyar tana tambaya, shin cizon karen ne ya kashe ta, ko kuwa maganin?

To 'yata, alamun da kika zayyana sun fi kama da aikin kafson nan. Amma kada ki ga laifin mahaifiyarki, tausayi ne ya sa ta, kuma abin da ta yi shi ne abin da yawancinmu za mu yi. Don haka muka ga ya kamata mu amsa miki a fili, domin sauran 'yan'uwa su amfana.

Duk wadda ta san ƙasar Gaya da Ajingi, tun daga Kademi da Shagogo har Toranke da Balare, ta san kiwon zomo kiwo ne da ya dace da mace da yaro. Ba ya bukatar makiyayi, ba ya cin fili, kuma abincinsa yana nan a gida: harawar wake, harawar gyaɗa, dusa, ganyen dankali da na zogale. Zomanya takan haihu bayan kwana 31 ko kusa da haka da ɗaukar ciki. Ga wasu yaran kuwa, zomon ya wuce dukiya, abokin wasa ne wanda suka raɗa wa suna. Saboda haka ranar da ya kwanta ciwo, hankalin gida yakan tashi, sai a nufi gwangwanin da ake ajiye magani.

YADDA ZA KI GANE YANA JIN CIWO

Akuya in ta ji ciwo takan cika gida da kuka, kare ya yi ta kai-kai-kai. Zomo kuwa shiru yake yi. Dalili shi ne, a dawa kowa abincinsa ne shi, shaho da dila da maciji duk shi suke nema, kuma wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Don haka Allah ya halicce shi da ɓoye ciwo, kuma na gida ma bai bar wannan hali ba. In har kika ji zomo ya yi ƙara, to, azaba ko tsoro sun kai matuƙa.

Tun da ba zai gaya miki ba, tilas ki koyi duba shi. Ga abubuwan da za ki lura da su.

Na farko, cin abinci. Lafiyayyen zomo kusan kullum bakinsa na motsi. In kika zuba sabon ganye ya kau da kai, akwai magana.

Na biyu, kashinsa. Ki riƙa dubawa kowace safiya sa'ad da kike shara. In ya ragu, ko ya ƙanƙance ya bushe, ko babu shi sam, to cikinsa ya soma tsayawa.

Na uku, zamansa. Mai ciwo yakan takure a lungu, ya dunƙule baya, ba ya son motsi, ko kuwa ya danna cikinsa a ƙasa. Wani yakan bar lasar jikinsa har gashinsa ya hargitse. Wani mai sanyin hali ya koma cizo in an taɓa shi.

Na huɗu, haƙora. In kika ji yana gurza su da ƙarfi, ƙaras-ƙaras, har kina ji daga nesa, wannan ciwo ne.

Na biyar, fuska. A shekarar 2012 waɗansu masana a Jami'ar Newcastle ta ƙasar Ingila suka fitar da ma'aunin gane ciwon zomo daga fuskarsa, kuma likitocin dabbobi suna aiki da shi har yanzu. Abubuwa biyar suke dubawa: ido ya ƙanƙance ko ya lumshe, kumatu su lafe, hanci ya tsuke, gashin baki ya sanƙare, kunnuwa kuma su kwanta baya su naɗe. Wannan ba ya bukatar na'ura, idonki ya isa, muddin kin san yadda fuskar zomonki take sa'ad da yake lafiya.

Abin da ya sa ba a wasa da wannan shi ne, hanjin zomo ba a yi shi don ya huta ba. Ciwo ko'ina a jikinsa, ko na ƙafa ne ko na haƙori, yakan sa ya bar ci. In ya bar ci hanji ya tsaya, iska ta taru, cikin ya ƙara ciwo, ya daɗa ƙin ci. Haka abin yake juyawa har ya mutu. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana cikin haɗari, ba a ce masa bari mu gani zuwa jibi. Lalle kam yana bukatar maganin rage raɗaɗi, kuma hana shi zalunci ne. Tambayar ita ce, wane magani, kuma nawa?

GWANGWANIN MAGANINKI

Uwargida, ki yi wannan ɗan lissafi. Macen da ta kai kilo 60 takan sha Panadol ƙwaya biyu, kowace miligiram 500. Zomon gida kuwa yawanci bai wuce kilo 2 ba, watau kin ninka shi sau talatin. Ko kin raba ƙwayar gida huɗu, kin ba shi abin da ya zarce rabonsa bisa wannan lissafin nauyi nesa. Bugu da ƙari, zomo ba ya iya amai. Yaro in ya sha abin da bai karɓe shi ba yakan amayar, shi kuwa abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Har wa yau, ba girman jiki kaɗai ba ne, kowace dabba da irin yadda hantarta da ƙodarta suke sarrafa magani. Farasitamol ɗin nan da muke ba jarirai, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. A ƙasar Indiya da Pakistan da Nepal, an riƙa yi wa shanu allurar diklofenak don rage musu ciwo. Ungulayen da suka ci mushen shanun sai ƙodarsu ta lalace, suka yi ta mutuwa tun daga shekarun 1990, har waɗansu irinsu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A shekarar 2006 aka hana ba dabbobi wannan magani a can. Maganin da ya yi wa saniya rana, shi ya gama da ungulu.

Ga waɗanda za ki nisanta da zomonki:

Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen da diklofenak da waɗannan haɗe-haɗen da masu talla suke ƙullawa a leda. Suna iya yi masa gyambon ciki, su lalata ƙoda, balle ma in ya kwana biyu bai sha ruwa sosai ba.

Kafso na kashe ƙwayoyin cuta, irin su Ampiclox da amoksisilin da duk dangin penisilin. Da farko ma, waɗannan ba maganin raɗaɗi ba ne, ko da yake mun saba haɗa su da na ciwo. Sa'an nan, zomo yana da wani babban ɓangare na hanji wanda ke cike da ƙananan halittu masu amfani, su suke narka masa ciyawa. In aka ba shi irin wannan kafso ta baki sai ya kashe masu amfanin, miyagun su sami fili su hayayyafa, su saki dafi. Bayan kwana kaɗan sai zawo, sai mutuwa. Abin da muke zaton ya sami zomanyar 'yarmu ta Ajingi ke nan.

Tiramadol da maganin tari mai kodin. Binciken da aka yi ya nuna tiramadol da aka ba zomo ta baki ba ya zama a jininsa yadda zai yi aikin da ake so, kuma irin waɗannan magunguna suna rage motsin hanji. Ban da haka, kin san irin ɓarnar da suka yi wa matasa da matan aure a jihar nan, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Bai kamata a same su a ɗakin da yara suke shiga ba, da sunan zomo ko da sunan kowa.

Deksametazon da danginsa, waɗanda wasu ke sha don ƙiba. Suna karya wa zomo garkuwar jiki ƙwarai.

Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya a kan ƙurji ko kirci. Zomo lasar jikinsa yake yi, duk abin da kika shafa masa cikinsa zai tafi. Haka kuma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fifronil, guba ne gare shi. Kircin kunne da na hanci suna da maganinsu a wurin malamin dabbobi, kuma ba shi da tsada.

Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In abin da ke hannunki ke nan, ki mai da shi gwangwani.

ABIN DA LIKITA YAKE BAYARWA

Maganin rage raɗaɗin da likitocin dabbobi suka fi ba zomo sunansa meloksikam. Shi ne kuma aka maye gurbin diklofenak da shi a Indiya, don an ga ba ya cutar da ungulu. Da nauyin zomo ake auna shi. Littattafan likitoci suna ba da tsakanin miligiram 0.3 zuwa miligiram 1 ga kowane kilo a yini, gwargwadon irin ciwon. Watau zomo mai kilo 2 ba zai wuce miligiram 2 ba. Ƙwayar meloksikam ta mutane kuwa, mafi ƙanƙanta miligiram 7.5 ce, babbar 15. Kin ga ƙaramar ma ta kusa ninka bukatarsa sau huɗu. Don haka likita ya fi son na ruwa, wanda ake aunawa da sirinji.

Ba mun kawo waɗannan alkaluma ba ne don ki aika kemis a sayo. Mun kawo su don ki ga ƙanƙantar abin, ki san ba aikin ƙiyasi da ido ba ne. Shi kansa meloksikam ba a ba zomon da jikinsa ya bushe don rashin ruwa, ko mai ciwon ƙoda, kuma akan yi hattara da mai ciki. In ciwon ya tsananta, kamar karaya, akwai allurai masu ƙarfi waɗanda likita kaɗai ke da ikon riƙewa. Sa'an nan rage raɗaɗi rabin aiki ne, sai an gano tushen ciwon. Haƙoran zomo ba su daina tsiro har ya mutu, in sun yi tsawo suna yankar harshe sai an rage su. Ƙurji mai mugunya sai an tsaga an wanke.

Za ki ce, ina ni ina likitan dabbobi? Ki tambaya a sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku, a Gaya ko a Ajingi, a nuna miki malamin dabbobi. Ranar Juma'a kuma, da yake kasuwar Wudil ta shanu ce, ba a rasa ma'aikatan lafiyar dabbobi a can. In ba kya fita, ki roƙi maigida ko ki aiki babban ɗanki. Kafin su tafi, ki auna zomon: a sa shi cikin jaka a rataya a sikelin masu awo, sa'an nan a cire nauyin jakar. Ki ɗauki hotonsa mai motsi da waya, ki gaya wa ɗan aiken yaushe rabonsa da ci, yaushe rabonsa da kashi, mace ce ko namiji, tana da ciki ko tana shayarwa, da kuma duk abin da aka riga aka ba shi. Kada a ɓoye wannan na ƙarshe don jin kunya. In zai yiwu a tafi da zomon ya fi, cikin kwali mai huji, da harawa a ƙasa, da sanyin safiya. Kuma ya kamata a tuna wa mai ba da maganin cewa na zomo ne, don abin da ya dace da akuya ko kaza ba lalle ya dace da shi ba. Matambayi ba ya ɓata.

YADDA AKE ƊURA MASA

In an kawo maganin, ki zauna a ƙasa bisa tabarma, don ko ya kubce ba zai faɗo daga sama ba. Ki naɗe shi da tsohon zane, kai kaɗai a waje, ƙafafunsa huɗu suna ƙasa, bayansa yana jingine da jikinki. Kada ki kwantar da shi rigingine. Shirun da yake yi in an kwantar da shi haka tsoro ne, kuma maganin yana iya sarƙe shi ya shiga huhu.

Ki ɗauki sirinji wanda aka cire wa allura. Bayan manyan haƙoransa na gaba akwai wani gurbi inda babu haƙori, ta nan gefen baki za ki zura bakin sirinjin kaɗan. Ki matsa ɗigo-ɗigo, kina jira ya tauna ya haɗiye. In ya tofar da wani abu kada ki ƙara, ki jira lokaci na gaba. Kada ki zuba maganin a kaskon ruwansu, domin ba za ki san nawa ya sha ba, ga shi sauran za su sha tare da shi. Ki rubuta awo da lokaci a takarda ki liƙa a bango. Ke 'yar makaranta, wannan aikinki ne, ke da kika iya karanta layukan jikin sirinji.

KAFIN A SAMI LIKITA

Akwai abin da za ki yi da hannunki wanda ba ya cutarwa. Ki ware shi a wuri mai inuwa da shiru, nesa da kare da kyanwa da hayaniyar yara. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano yana iya kashe lafiyayyen zomo ma, don ba ya jure zafi. Ki jiƙa buhu ki rataya a jikin keji, ki shafa masa ruwa a kunnuwa. Da hunturu kuwa ki kare shi daga iska, ki ƙara masa shimfiɗar harawa. Kada ki yi masa wanka.

Ki ajiye ruwa mai tsabta da ganyen da ya fi so dab da bakinsa. In ya ƙi, ki daka busasshiyar harawa ta yi laushi, ki dama da ruwa kamar kunu, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da sirinji. Amma in cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada ki ɗura masa kome, a gaggauta kai shi.

In rauni ne, ki tafasa ruwa rabin lita, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ya huce, ki wanke da shi sau biyu a yini. Ki kare shi daga ƙuda, musamman da damina, don suna yin ƙwai a ciwo ya zama tsutsa cikin yini guda.

Yawancin ciwon nan ma mu muke jawo shi. Ki hana yara ɗaukar zomo ta kunne. Yana jin zafi ƙwarai, kuma in ya yi harbi da ƙafafun baya yana rataye, ƙashin bayansa na iya karyewa. A sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, a rungume shi. Ki raba manyan maza, don in suka yi faɗa har marainan juna suke cizo. In ƙasan kejin waya ce, ki sa katako a gefe guda inda zai huta, kada tafin ƙafarsa ya yi gyambo.

ABU BIYU NA ƘARSHE

In kika ga zomaye suna mutuwa farat ɗaya, biyu yau uku gobe, wani da jini a hanci, wannan ya wuce zancen maganin raɗaɗi. Akwai wata annobar zomaye mai sa zubar jini a ciki, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a shekarar 2020, a jihar Kwara. Ba ta kama mutane, amma tana share garke. A binne mushen da zurfi, kada a sayar da sauran, a sanar da malamin dabbobi nan da nan.

Na biyu kuma, akwai ciwon da ba ya warkewa, kamar karyewar baya inda ƙafafu suka shanye. Zomo halal ne, kuma in malamin dabbobi ya ce babu dabara, yanka shi da wuri da wuƙa mai kaifi ya fi barinsa yana jan jiki cikin azaba. Sai dai wanda aka riga aka ba magani ba a cin namansa sai kwanakin da likita ya faɗa sun cika, domin ragowar maganin tana nan a jikinsa, kuma cikin yaranki za ta tafi. Wanda cuta ta kama kuwa, a tambaya tukuna kafin a sa shi a tukunya.

'Yan'uwa, malamanmu suna karanta mana labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Dabbar da muka sa a keji amana ce a wuyanmu, ciyar da ita da jinyarta duka. Ke kuma 'yata ta Ajingi, Allah ya mayar miki da alheri. Goman da suka rage su ne jarinki yanzu. Gobe da safe kafin ki tafi makaranta, ki tsuguna ki dubi fuskar kowanne, ki dubi abin da ke ƙarƙashin keji, sa'an nan ki nemi lambar malamin dabbobi ki rubuta a bangon littafinki tun ba ki bukace ta ba.